Karatun Panya a Ƙofar Ɗakin Kaka

Jiya da la'asar ana ruwa, ina yanka albasa a kicin, sai na ji 'yar maƙwabtanmu na saman bene tana bitar Sifaniyanci da ƙarfi, yadda duk ɗan lise, wato ɗan sakandare, yake yi in jarrabawa ta matso. Llamo, llamas, llama. Ina kira, kana kira, yana kira. Wuƙar ta tsaya a hannuna. A unguwar Makèpè ta Duwala nake, cikin gida mai tayil da haske ko'ina, yara a falo suna faɗa a kan rimot, amma sai da tsikar jikina ta tashi, na waiga bayana in ga ko akwai labule. Bari in gaya muku dalili, tunda albasar ta riga ta sa ni hawaye.

Gidan da na tashi yana New Bell, a ƙarshen wani lungu da sai an taka katako an tsallake kwata kafin a shiga. Wanda bai yi damina a Duwala ba bai san ruwa ba. Yakan wuni ya kwana yana dukan kwano har mutum ya manta yadda shiru yake, bango ya yi ta gumi, tabarma ta ɗauki warin ruma, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ka ciro shi da fumfuna. Hayaƙin masu suya na bakin titi ba ya iya tashi sama, sai ya biyo lungu ya shigo mana tsakar gida. Ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, shi ne na ƙurya, da wani labule shuɗi wanda wanki ya cinye masa launi. Kusa da shi ɗakin Goggo yake, yayar marigayi kakanmu, tsohuwa doguwa marar yawan magana, wadda Baba yake kira Goggo, mu ma muka ɗauka a bakinsa.

Kun san al'adarmu. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Sai dai ta ce "yaron nan", ko "kai". To, Kaka ba ruwanta. Baba ne babban ɗanta, kowa ya sani, amma gatsal take kiran sunansa, daga ƙurya har bakin titi ana ji, ko da kuwa ya sa kwat zai tafi ofis. Matan lungu suna tsokanarta wai zaman Duwala ya wanke mata kunya. Sai ta harare su ta ce, "Ni na haife shi ko shi ya haife ni?" A yi dariya a wuce. Goggo kaɗai ce ba ta taɓa yin dariyar ba, ni kuwa na ɗauka halinta ne.

Shekarar da na shiga ajin quatrième, aji uku na sakandare, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kaka, ya tafi da maganarta gaba ɗaya. Matar da muryarta ke tayar da kaji ta koma sai ido. Gidan ya yi wani iri, har Baba yakan tsaya a ƙofa da safe kamar mai jiran a kira shi a ce ya manta lema. A shekarar ne kuma ake ba ɗalibi zaɓi tsakanin Jamusanci da Sifaniyanci. Ba don wata ƙauna na ɗauki Sifaniyanci ba, cewa aka yi malamin Jamusanci yana da saurin hannu. Malamarmu kuwa hanyarta ɗaya ce: ta ba ku aikatau guda, ku rera shi kamar waƙa, na yanzu, na da, na gaba, har ya zauna a baki. Da muka gama da hablar da cantar sai ta ba mu llamar, wato kira.

A ƙofar ɗakin Kaka nake bita, a kan kujera 'yar tsugunne, don nan ne rufin ba ya yoyo, kuma ni aka ɗora wa sauraron motsinta in na dawo makaranta. Ranar, tsakanin la'asar da magariba, gari ya yi duhu da hadari, kowa ya shige ɗaki. Na fara rerawa. Llamo. Llamas. Llama. Na tsaya ina laluben na gaba, ya ɓace mini.

"Llamamos," in ji wata murya a bayan labule.

Ba muryar Kaka ba ce. Tata mai kauri ce, da ɗan gargada ta shekaru. Wannan siririya ce, tas, ta budurwa, kuma ta fi malamarmu iya lanƙwasa harshe. Ta ci gaba a hankali, llamáis, llaman, ta yi shiru tana jirana. Labulen bai motsa ba. Na san babu kowa a ɗakin sai tsohuwa shanyayyiya wadda ko biredi ba ta iya cewa da Faransanci. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar ruwa ina ihu ba.

Kafin a yi kiran magariba gidan ya cika. Aka ɗaga labule, ga Kaka kwance yadda aka bar ta, idonta a kan rufi. Baba ya ce tsoro ne ya sa kunnena ya yi mini gizo. Don ya nuna mini haka ya ce in sake a gabansa. Na sake, Kaka kuwa ta amsa, da karkataccen bakinta, cikin waccan muryar. Mahaifiyata ta saki salati. Goggo ce ta fara magana, kuma ban taɓa jin ta yi magana da sauri haka ba. Ta ce iska ne, aljanin Turawan teku ne ya samu jiki ba mai tsaro ya shiga, kuma karatun yarinyar nan ne yake kiransa. Aka ɗauko malami ya yi ruƙiyya, aka turara ɗakin har idonmu ya yi ja. Baba ya dube ni ya ce, "Ça suffit, ya isa haka. Kar in ƙara jin espagnol ɗin nan a gidan nan."

Na bi umarni, don ni ma tsoron nake ji. Amma ni ke kai mata kunu, kuma tun daga ranar ta ƙi sha. Da na shiga sai ta kafe ni da ido, leɓenta na motsi, hannunta mai lafiya yana jan bakin zanena. Kullum tana ƙara zubewa, har likita ya ce wa Baba a fara haƙuri. Ni dai ban san aljani ba, amma na san idon Kaka in tana son abu. Wata magana ce a bakinta, ƙofar da za ta fito guda ɗaya ce, mu kuma mun rufe ta.

Ran nan da rana tsaka, Baba na ofis, na ajiye kofin kunu na durƙusa a gefen gadonta. Na yi ƙasa da murya na ɗauko na da, wanda aka koya mana a makon. Llamé, na kira. Llamaste, ka kira. Ta damƙe mini hannu.

"No lo llamé," ta ce. Ban kira shi ba.

Ta sake faɗa, ta kuma sakewa, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Sai ta bi da wata doguwar magana da ta fi ƙarfin karatuna, na tsinci teku a ciki, na tsinci jirgi. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su na tambaye ta wa take nufi. Ta ce, "Mi hijo." Ɗana.

Da yamma na tari Baba tun bai cire takalmi ba, na ce ya dake ni in ya so, amma Kaka ta ce ba ta kira ɗanta ba. Ya yi 'yar dariya ta gajiya ya ce, "Ni? Matar da ta kira ni har kunnena ya..." Bai ƙarasa ba. Na ga fuskarsa ta sauya a hankali. Ya daɗe a tsaye da jaka a hannu, sannan ya wuce ɗakin Goggo ya durƙusa a ƙofa. Ya ce, "Goggo, don girman Allah, ni ne ɗan fari?"

Ina raɓe a jikin bango na ji amsar. Ashe a Panya aka haifi Kaka, tsibirin nan na Malabo da ke tsallaken ruwa, inda iyayenta suke fatauci. Can ta girma, ta yi aiki a gidan wata Baturiya mai jin Sifaniyanci har ta iya harshen, can aka yi mata aure, can ta haifi ɗa namiji. Yana da kamar shekara biyar tsibirin ya rikice, baƙi suka yi ta gudu. A bakin jirgi mutane sun yi maƙil, Baba yana goye a bayanta jariri, kaya a kanta, sai hannun yaron ya suɓuce daga nata. Ta hango shi, in ji Goggo, ba nisa, ya juya baya yana neman ta. Uwar mijinta na damanta, Goggo na hagunta. Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. "Kai! Kai yaro!" take ta cewa, a wurin da yara suka fi ɗari. Kafin su biyun su gane abin da ake ciki su ƙwala nasu kiran, taro ya tura su cikin jirgi. Kakanmu ya koma nema har ya gaji. Daga nan uwar miji ta ce a binne zancen, wanda ke goye shi ne na fari. Tun ranar Kaka ba ta ƙara furta kalmar Panya ba.

"Ni na san ba aljani ba ne," in ji Goggo. "Tsoro na ji. Da ba na tsaye a wurin, da ta kira shi."

Washegari da la'asar, ruwa na zuba, Baba ya shiga da ni ɗakin Kaka da kansa. Ya zauna a ƙasa ya ce in yi mata karatun. Na ɗauko na gaba, llamaré, zan kira, llamarás, za ki kira. Ta girgiza kai, ba shi take so ba. Sai na tuna tambayar da ake koya wa kowa a ranar farko, na ce, "¿Cómo se llama?" Yaya sunansa? Ta buɗe baki. Idonta ya kai ƙofa, inda Goggo take tsaye riƙe da labule, sai ta rufe bakin ta sunkuyar da ido. Tsohuwa a bakin kabari, bayan shekaru masu yawa haka, kunyar tana nan inda take. Wallahi a lokacin haushi ne ya kama ni, ban ma san da wa nake jin sa ba.

Goggo ta saki labulen. Ta ce, "Na fita, amarya. Babu kowa. Kira abinki." Muka ji takunta ta ratsa tsakar gida cikin ruwa ba lema, ta taka katako, ta bar gidan gaba ɗaya.

Kaka ta ja numfashi, ta kira shi. Ba da muryar budurwar ba, da tata ta ainihi, mai kaurin nan da ke kaiwa bakin titi, ta ja ƙarshen sunan yadda uwa ke yi in abinci ya sauka. Ba zan rubuta sunan a nan ba, nata ne. Ruwan ya ɗan sassauta a kan kwano. Sai daga bayan katanga, ta wajen lungu, muryar ƙaramin yaro ta ce, "Na'am."

Na san abin da za ku ce, ni ma na sha gaya wa kaina. Sunan ba baƙo ba ne, a New Bell masu shi ba sa ƙirguwa, kuma yaro in ya ji sunansa amsawa yake yi. Amma Baba ya fita da gudu ba takalmi, ya duba lungun sama da ƙasa. Babu kowa sai Goggo tsaye a jiƙe, ita ma tana waige-waige, don ta ji. Da muka koma ɗaki Kaka ta miƙa hannu wajen kofin kunu, ta sha, ta yi barci. Ba ta ƙara magana da kowane harshe ba har Allah ya karɓi abinsa kafin ƙarshen daminar.

Yanzu an rushe gidan an yi bene, an rufe kwatar da siminti. Sifaniyancin ma ya gudu daga kaina, aikatau ɗin nan kaɗai ya rage, shi kam ko daga barci aka tashe ni zan jero shi. 'Yan matan yanzu da yawa ba su ma san ana ɓoye sunan ɗan fari ba, waɗanda suka sani kuma sun mai da shi abin kwalliya a gaban surukai. Ni na sani sarai. Ɗana na fari shekararsa biyar. Kwanan baya muka je biki New Bell, taro ya cika layi, ya saki hannuna ya bi masu kiɗa. Surukata na gefena. Na ƙwala masa kira da cikakken sunansa har mata suka juyo, ta dube ni ta ce, "Ke kam ba ki da kunya, ɗan farin naki?" Na ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Na sake ƙwala masa, ya juyo ya taho da gudu.