Kyanwar Auta

A asibitin dabbobin da ke bayan tashar mota, babu wanda ya riƙe sunan tsohon telan nan. Ɗan Aike suke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk ranar da ya shigo da kwandonsa a hammata, kafin a amsa gaisuwarsa ya riga ya wanke kansa:

"Ni fa aiko ni aka yi. Kyanwar Auta ce."

Auta 'yarsa ce, ita ta tsinto kyanwar a bakin kwata tun tana 'yar makaranta. Yanzu tana gidan mijinta a wani gari mai nisa, har ta yaye na biyu. Uwarta ta rasu, yayyenta maza kowa ya kama gabansa. Gida ya rage daga tsoho sai keken ɗinki sai wannan jar kyanwa mai yagaggen kunne. Amma in ka ji bakinsa, sai ka rantse jiya da yamma aka ba shi ajiyarta.

Yakan zauna a kan benci, ya ɗora kwando a cinya, ya shiga sana'ar da ya fi ɗinki iyawa, wato ganin laifin mutane. Wata mata ta shigo da ɗan kare sanye da riga, ya ja tsaki. "Duniya ta ƙare. Kare da riga! Ɗinkin ma bai yi ba, dubi wuyan." Wani na lallashin akunsa, ya ce, "Ƙato da gemu, yana hira da tsuntsu." Yana faɗa, hannunsa na cikin kwando yana sosa wa kyanwa ƙeya. Kwandon nan kuwa, tabɗi! Katifar soso ce a ciki, da shafi, da ɗan matashi da aka yi wa aiki a baki. Masu kawo masa ɗinki su yi ta sintiri a shago yana ce musu gobe, amma rigar katifar kyanwa ba ta taɓa kwana ba a gama ba.

Yarinyar da ke ba da kati 'yar tsokana ce. "Baba, yau me ke damun kyanwarka?"

"Kyanwar wa? Ke, gyara bakinki. Me zan yi da kyanwa? Ko ɓera ba ta kamawa, daga ci sai barci."

Daga nan ya shiga wurin likita ya zazzage: ta yi atishawa da asuba, ta bar kan kifi, ta tsaya a kan ruwa ta fasa sha, kashinta ya fi na shekaranjiya laushi. Ɗan aike ke nan fa! Shi kuwa rabonsa da ya je a auna masa jini tun matarsa na da rai.

Sai kyanwa ta fara rama. Ta daina hawa kan keken ɗinki, ta koma ƙarƙashin tebur cikin ƙyallaye. Aka yi allurai, aka yi ƙarin ruwa, abu ya ƙi. Ranar nan likita ya daɗe yana taɓa cikinta, sannan ya cire safar hannu.

"Baba, ƙodarta ta gama. Tsufa ne. Za mu iya ci gaba da tsira mata allura tana wahala, ko mu yi mata wadda za ta yi barci ta huta. Amma wannan magana ce ta mai ita. Tunda ka ce aiko ka aka yi, kira ta."

Tsoho ya waiga. Ga yarinyar kati a bakin ƙofa, kunne a miƙe. Shekara da shekaru yana gina wannan magana, yau ya rushe ta a gabanta? Ina! Ya zaro waya ya fita baranda yana gyaran murya.

"Auta, kyanwarki ce ba lafiya."

Ana jin kukan yaro da ƙarar tukunya a bayanta. "Wace kyanwa, Baba?"

"Jar nan. Taki."

"Laa! Wai tana nan har yanzu? Ai na ɗauka ta daɗe da mutuwa." Ta yi dariya. "Baba, ka rabu da wahalar nan don Allah. Bari in sauke girki, zan kira ka."

Waya ta mutu a kunnensa. Abin ya yi masa ciwo, ciwo na gaske. Ya daɗe yana kallon motoci na lodi a tasha, sannan ya goge fuska da hannun riga ya koma ciki.

Likita ya ce, "To, Baba, me ta ce?"

"Ta ce kada a bari ta wahala." Ya yi tari. "Kuka take ta yi a waya. Kun san yaran yanzu, abu kaɗan sai hawaye."

Yarinyar kati ta dubi jajayen idanunsa, yau dai tsokana ta ƙi fitowa. Likita ya zuƙi allura ya ce, "Kana iya jira a waje. Ba kowa ke son gani ba."

Tsoho ya ja kujera ya zauna, ya tallafo kan kyanwar a tafin hannunsa.

"Ta ce in riƙe ta har a gama."