Jegon da Muka Yi wa Goggo

Da aka sallamo goggona daga asibiti a Sakkwato, bayan an cire mata nonon dama saboda ciwon daji, mu matan gidan a Dandin Mahe muka rasa yadda ake jinyar irin wannan. Jinyar da muka iya ita ce ta mai jego, sai kuwa muka yi mata ita. Kwana arba'in tana ɗaka, ga kunun kanwa, ga ruwan zafi safe da yamma. Ko ludayi ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai wata ta yi wuf ta riga ta.

Goggo kuwa shiƙa ce sana'arta. In an yi sussukar gero, har daga Mandera ake aiko mata, don in ta ɗaga ƙwarya sama da kai, ƙaiƙayi ba ya saura. Da aka yi arba'in ta fito, sai hannun dama ya ƙi wuce ƙirji. Ya kumbura, ya yi nauyi kamar taɓarya.

Ni dai an san ni da shegiyar tambaya. Na tsare ta: "Goggo, mi anka ce miki ki riƙa yi da hannun ga?"

"Ba su hwaɗa min komi ba. Sun ce an gama, in gode Allah."

Abin ya tsaya mini a rai. An gama me? Ciwon ya tafi, to hannun fa, na wa ne? Ina koyarwa a Bodinga lokacin, na yi ta tambaya har wata mai sayar da albasa, wadda aka yi wa irin aikin, ta ce akwai likitoci masu gashin ƙashi a birni, ita ma a bakin wata ta ji.

Muka tafi. Likitar ta taɓa kafaɗar, ta tambaya wa ya hana Goggo motsa hannu, wa kuma ya ce a gasa shi da ruwan zafi. Na sunkuyar da kai, kunya kamar in nutse. Ta koya mata tafiya da yatsu a jikin bango, kullum ta ɗan ƙara sama. Ta kuma faɗa mana gaskiya, mun yi latti, ba duka zai dawo ba.

Da kaka ta zo, hannun ya kai kafaɗa, daga nan ya tsaya. Na je gida na tarar Goggo ta kife turmi a masussuka ta hau, don ta samu tsawon da hannun ya hana ta. Ƙwaryar tana rawa, gero yana zuba gefe. Muka ruga, ni da wasu matan gidan biyu, za mu karɓe ta.

Ko kallonmu ba ta yi ba.

"Ku kauce min, ɗiyan ga. Taimakon da kunka yi min ya isa."