Na Je Gazawa Karɓo Sunana

Elhaji Na-Allah, shugaban ƙungiyarmu ta masu sana'ar hannu a Gidan Rumji, ya sace mini suna. Shekara ashirin da huɗu ina gyaran rediyo a bakin kasuwa, har salula ta zo ta kwashe mini mutane, sai in wuni ban ɗora ƙarfen liƙin waya a wuta ba. Lokacin riƙon ƙwarya ne, kowa na ta alkawarin gobe, sai wani furoje na tallafa wa sana'o'i ya kira horon kwana uku a Gazawa: za a koya wa matasa da mu masu ƙananan sana'o'i gyaran salula, a ba kowa akwatin kayan aiki. Na ba Elhaji sunana, Hamza mai rediyo, ya kai. Ya dawo ya ce ba a ɗauke ni ba, wai lakol ɗina bai wuce aji huɗu ba. Ashe an ɗauke ni. Surukinsa Ila mai albasa ya tura ya zauna da sunana. Matar Ila ce bakinta ya kuɓuce a gidan suna, matata na kusa, ta kawo mini labari.

Talata, Gidan Rumji zuwa Maradi

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame asuba, na shiga motar haya, hiyas, a kan jika ɗaya, mu goma sha tara da tunkiya. A shingen Tibiri jandarma ya karɓi katina na shaida ya tambayi inda za ni. Na ce Gazawa, za ni in gaida kaina, an ce tun jiya ina can. Ya dube ni, ya miƙo katin, ya yi mini fatan samun lafiya. Bakwai saura muka shiga Maradi, na sha kunu da ƙosai, mota ba ta cika ba sai tara da rabi.

Maradi zuwa Gazawa

A Cadawa direba ya tsaya cin tsire yana zagin rediyon motarsa, wai tun da aka fara maganar zaɓe ta yi shiru. Waya ɗaya ce ta saki. Na kama ta da tsinin wuƙa, 'yan siyasa suka dawo da ihunsu, fasinjoji suka roƙe ni in sake lalata ta. Muka wuce Agye sha biyu, ɗaya saura muka sauka Gazawa.

A wani aji na lakol ake horon. Na laɓe jikin taga. Malamin, wani mushe mai tabarau daga Yamai, ya gama bayanin cewa wanda bai sake hannu ba zamani zai bar shi a tasha, sai ya duba takarda ya ce: "Ina Hamza mai rediyo? Baba, zo ka nuna wa yaran nan yadda ake narka dalma."

Ila ya taso da babbar riga. Ƙarfen ya daɗe a wuta. Ya kama shi ta tsini kamar mai tsinto albasa. Ƙarar da ya yi, ina jin har Najeriya ta kai.

Na zura kai ta taga na ce: "Mushe, Hamza na farko ya ƙone, ga na biyu."

Na nuna kati, na nuna yatsuna masu tabo, na liƙa waya biyu kafin a kawo wa Ila ruwa. Mushe ya ce in zauna. Wani wanzami ɗan Cadakori ya sauke ni, tuwon gero da miyar kuka, bai karɓi ko dala ba. Washegari na ga cikin salula, kaya ƙanana kamar ƙwan tururuwa, idona har ruwa. Yaran sun iya karanta faransancin takardun horon, ni na iya hannu, muka yi musaya, aka ba ni akwatina.

Alhamis, komawa gida

Mota ɗaya muka shiga da Ila, hannunsa a naɗe. Har Maradi ina tambayarsa ya jiki, shi kuwa yana ta hura yatsu. La'asar muka iso, na gode wa Allah, na gode wa wanzami da matar Ila. Ban shiga gida ba, na wuce rumfar Elhaji da akwatin a hammata, jama'a cike.

Na ce: "Elhaji, ga sunana na karɓo, ga surukinka na maido maka. In za ka sake aika wani da sunana, ka fara gaya masa ta wutsiya ake kama ƙarfe. Salularka mai katsewa kuwa, kai wa Ila, shi ya riga ni shiga aji."