Mazagin da Na Auna Kabari da Shi

Asubar fari muka tashi daga unguwar Fadaman Mada a Bauchi, ni da 'yan cocinmu, za mu Urushalima ziyarar ibada. Matata Saratu ta rako ni bakin ƙofa tana lalube bango, don shekara biyar ke nan ba ta gani. Ta miƙo mini ƙunshin masa, ta ce, "Baban Ladi, kada ka kawo mini hoto. Me zan yi da shi?"

Wannan tafiya tata ce tun asali. Shekarun baya matan zumunta na cocinmu suka zaɓe ta ta je, lokacin idonta garau. Ni na hana, wai gero ya nuna a gonarmu ta Miri, babu mai dafa wa masu girbi abinci. Ba ta yi musu ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Kafin mu kai Jos masar ta ƙare, don duk motar ta sa hannu. Daga Abuja muka hau jirgi. Abincin Urushalima gurasa ce da zaitun da ganye ɗanye, har wani dattijo cikinmu ya tambaya ko awakin ƙasar sun san ana cinye musu rabo. Ruwan gora kuwa, kuɗinsa ya isa kwanon tuwo da nama a kasuwar Wunti.

Ranar da za mu shiga kabarin Ubangiji, jagoranmu ya ba mu labarin masu ziyara na dā, tun kafin yaƙe-yaƙen da aka yi a kan birnin. A ƙafa suke zuwa, wata da watanni, wasu su mutu a hanya. Ya ce waɗansu kan auna kabarin da igiya, su kai wa mutanen gida da ba su samu zuwa ba, su taɓa.

Saratu ta faɗo mini a rai. Igiya nake nema, layi kuma yana tafiya. Sai na tuna da wandon canji a jakata, na zare mazaginsa. Ɗakin kabarin ƙarami ne, mutum uku ya cika shi, ga limamin da ke tsaron wurin yana ta hanzarta mu. Wasu suna addu'a, ni ina durƙushe ina jan mazagi daga kan dutsen da aka kwantar da Ubangiji zuwa ƙarshensa. Na ƙulla alama. Limamin ya harare ni, ban damu ba.

Da na dawo Bauchi, jikoki suka yi ta ihun tsaraba. Na jira suka watse, na zauna kusa da Saratu, na sa mata mazagin a hannu, na gaya mata abin da na yi. Sannan na faɗi abin da na kasa faɗa tuntuni: "Na zalunce ki a kan gero. Ki yafe mini."

Ta bi mazagin da yatsu, kamu ɗaya, biyu, har ta kai ƙullin.

"Ashe nan ya kwanta," in ji ta. Can ta ce, "Wannan ai ɗinkina ne. Tsohon banza, da wandonka ka auna?"

Muka yi dariya har da hawaye. Tafiyar ta koya mini cewa gero yakan sake nuna, ido kuwa bai dawo ba. Mazagin yana cikin Littafi Mai Tsarki nata, kowace safiya takan auna shi kafin mu yi addu'a.