Waƙafin Jibo Mai Karo

Jibo mai karo taubashina ne, don haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa: ko alifi bai sani ba. Shekara arba'in yana bin jaki da karo, wato amalanke, daga bakin kogi zuwa kasuwar Mai Wurno, yau albasa gobe gawayi, kuma jakin ma ya fi shi surutu. Amma wannan mutumin ne ya yi waƙafi don masu ilimi.

'Yarsa ɗaya ce a duniya, Muhsina. Ita ce ta yi ƙarfin halin sauke gafakar kakansu, wadda aka ɗauko a ka tun daga Sakkwato aka rataye a ɗaki, kowa yana tsoron taɓawa. Da ta dawo hutu daga jami'a a Madani, ta ce takardun da ke ciki tsohuwar Hausa ce da ajami, kakan ne yake ba da labarin hanyar hijirarsu zuwa nan. Kullum bayan la'asar takan karanta wa uban warka ɗaya, wato takarda guda, shi kuwa ya saki baki, ya manta bai ba jaki ruwa ba. Sun kai rabi zazzaɓi ya kama ta. An kai ta asibiti a Sannar, aka dawo da ita gida, kwana tara ta rasu. Har yau in na wuce ƙofar gidan sai zuciyata ta karye.

Bayan sadakar arba'in Jibo ya je wajen liman, ya ce lambunsa na bakin kogi, mangwaro goma sha ɗaya, ya zama waƙafi da sunan Muhsina. Duk ɗalibin da zai zauna ya karanta tsofaffin takardu, lambun ne zai ci da shi. Liman ya ba shi shawarar rijiya, ladanta ya fi bayyana. Ni kuma na ce masa makaho ya sayi madubi. Bai kula mu ba. Abu ɗaya yake so, a ɗora karatun daga inda ta tsaya, ya ji ƙarshensa kafin ya mutu.

Shekara shida ana abu ɗaya. Zaman da muke cikin Larabawa, yaranmu na yanzu Larabci ya cinye musu baki. Wani ya zo yana iya haɗa baƙaƙen amma bai san abin da yake faɗa ba. Wani ya sha mangwaro har damina ta sauka, ya ce za shi Sinja ya dawo, muna nan muna jiransa. Na yi faɗa har na gaji. Jibo dai ya ci gaba da ban ruwa, ƙafarsa tana kumbura, ya sayar da karon ma.

Sai ga Najwa daga garin Hajj Abdalla, ɗaliba ce, kakarta ta raine ta, Hausar tsofaffi na bakinta. Wata biyu tana karanta masa a zaure, ni ma nakan raɓa in saurara. Muka ji yadda su kakan suka ƙetare rafuka, da garin da aka hana su ruwa. Can wajen ƙarshe kakan ya ce zai jera sunayen waɗanda aka binne a hanya, don kada a manta da su. Najwa ta juya warka. Takardu uku na ƙarshe fari fat suke, sun yamutse kamar ganyen da ya sha ruwa ya bushe.

Ta ce, "Ya ammi, baffa, waɗanga ruwa ya taɓa su. Rufin ɗaki na zuba?"

Jibo ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "Ni na wanke su. Da anka maido ta daga mustashfa, asibitin Sannar, ban san mi zan yi ba. Na san tsofaffinmu ba su rufe rubutu sai da addu'a, shi ya sa na ɗauki na ƙarshe. Na wanke cikin ƙwarya, na ba ta mihaya, rubutun sha, ta sha."

Shekara shida muna tare kullum, bai taɓa gaya mini ba.

Ya juya wajen Najwa. "Ɗiyata, ke da kinka yi karatu, gaya min gaskiya. Akwai addu'a ciki?"

Na yi mata ido ta ce e, ko don tsufansa. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Ta ce mai yiwuwa akwai a layin ƙarshe, amma yadda maganar ta taho, sunaye ne.

Jibo ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ashe sunayen matattu na ba ta."