Sunana a Kan Kwali

Ni haifaffiyar Salaga ce, goro ne ya raine ni. Tun ina goyon fari nake bin lori zuwa Yendi da Bawku, ban taɓa sauka a garin da ba a tarbe ni ba. Jirgin sama kuwa na fara shigarsa 'yan shekaru bayan babbar yunwar nan, lokacin da autata ta haihu a Abijan. Mijinta ɗan Yendi ne, akawu a wani kamfanin katako, mai yawan turare da ƙarancin gaisuwa. Shi ya aiko tikiti, aka sa ni a jirgi a Ankara, babban birnin ƙasarmu, ana gobe suna.

Na fito da buhuna na kanwa da daddawar Bawku da man kaɗe, ina duban ta inda zai ɓullo ya cire takalmi ya durƙusa. Babu shi. Sai jerin maza a bayan ƙarfe, kowa riƙe da kwali. Wata 'yar Bawku mai sayar da atamfa, wadda muka zauna tare a jirgi, ta taɓa ni ta ce ga nawa can. Na ce nawa me? Ta ce sunana ne aka rubuta, surukina ya ɗauko mota tun da wuri, direban zai kai ni har ƙofar gida.

Ban yi boko ba, amma na san abin da ake rubuta wa suna a jiki: huhun goro da buhun masara. Sunana na yanka, wanda mijina har ya koma ga Allah bai faɗa a gaban mutane ba, wanda 'ya'yana ko takwarata suka gani sai su ce mata mai sunan Mma. Ashe yaron nan ya buɗe baki ya faɗa wa baƙo, ƙila har ya maimaita don a rubuta daidai. Ina cikin haɗiyar wannan, direban ya gaji da ɗaga kwali ya fara ƙwala sunan, kamar wanda akuyarsa ta ɓace ranar kasuwa.

'Yar Bawku ta yi ta lallashina, wai 'yan tasin nan ɓarayi ne, ga shi ba na jin Faransanci.

"Mma, ki daure ki shiga. Ko kwatancen gidan ba ki da shi."

"Wadda yake kira ta amsa masa. Ni ban ji an kira ni ba."

Na wuce ta gaban direban, buhuna ya goge masa wando.

A waje 'yan tasi suka yanyame ni. Ɗaya ya kai wa kayana hannu, na doke hannun. Na zaɓi mafi tsufansu, mai jan haƙori, don na ga yana cin goro, na ce masa zango, na ce goro. Shi ma ɗan banza ne. Muka haye gada, muka yi ta juyi, sai ga mu kan gadar nan kuma, ruwa ɗaya, kwale-kwale ɗaya. Na ɗora masa mafici a ƙeya, ban ɗauke ba sai da na ji ƙamshin ganyen huhu.

Duk inda ake sauke goro akwai mai masauki, haka muka tashi muka gani. Na faɗi gidan ubana a Salaga, matar mai masaukin ta kawo ruwa ta share mini ɗaki. Shi kuwa ya aika masallatai da la'asar, a ce wanda surukarsa ta ɓace ya zo.

Washegari da hantsi, bayan an raɗa suna, sai ga surukin nawa da babbar riga, ido jajur, motar jiya a bayansa. Ya cire takalmi ya durƙusa. Wai aiki ne ya riƙe shi, wai motar mai sanyi ce, don girmamawa ya ɗauko ta. Ban dube shi ba. Na ce wa mai masauki ya tambaye shi ko a Yendi haka ake girmama uwar mace. Ya sunkuyar da kai, can ya faɗa wa mai masauki a hankali cewa jaririyar sunana ta ci.

"To, ka faɗa masa ita ma kada ya rubuta ta a kwali."

Motarsa ban shiga ba. Tasi aka tsayar, na zauna a baya, shi a gaba, buhun daddawa a kan cinyarsa, kan rigar suna. Kwalin kuwa na sa ya karɓo mini daga direban. Da shi na hura wutar ruwan wankan jego a yammacin ranar, da ruwa ya tafasa na tura kwalin ƙarƙashin tukunya. Yarinyar yanzu ita ma ta haifa, kuma ubanta bai taɓa kiran ta da sunanta ba.