Alƙawarin da Na Yi wa Matan Tarka

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Damagaram, na rubuta kundin bincikena a kan matan da ke haihuwa a gida a ƙauyukan kwarin Tarka, inda aka haife ni. Da rani na bi su gida-gida, ina zama a tabarma ina saurare. Kowace sai na yi mata alƙawari kafin ta buɗe baki cewa ba zan rubuta sunanta ba, kuma ba mai jin maganarta daga bakina.

Bayan na kare kundin gaban malamai na koma gida. A nan labari ya same ni cewa an saka shi cikin waɗanda za a tace don ba da lambar yabo a fannin lafiya. Har a rediyo aka faɗi sunan garinmu da abin da na yi bincike a kai. Innata ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gidan.

Washegari da hantsi wani makiyayi ya yi sallama da babana a zaure. Ina jin muryarsa na gane shi. Matarsa tana cikin waɗanda na zanta da su. A damanar da ta wuce ta yi doguwar naƙuda, jaririyar ta zo ba rai. Ta gaya mini ta so a kai ta likita tun da wuri, amma ta ji nauyin roƙon mijin don yana shirin tashi da garke.

Baba ya aika a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su. Mutumin ya juyo gare ni.

"'Yar Malam, me iyalina ta faɗa miki?"

"Kawu, mata da yawa na yi magana da su. Ba sunan kowa a ciki."

"Ba suna na tambaye ki ba. A rijiya mutane suna cewa ni na kashe 'yata, kuma yanzu za a karanta abin da kika rubuta a birni gaban manya. Me ta ce?"

Na dubi Baba. Idonsa yana kan carbinsa. Na ce, "Na yi mata alƙawari, Kawu. Ba zan iya faɗa ba."

Ya miƙe tsaye da sandarsa a hannu. Baba ma ya miƙe, ya shiga tsakaninmu, ya ce a hankali, "Zaurena ne nan. Zauna mu yi magana." Bai zauna ba. Ya ce in ban cire maganar gidansa ba zai kai ƙara wurin mai gari, daga nan har gaban hukuma a Belbeji.

Da ya fita na kira malamar da ta duba aikina. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Maganar ta matar ce, ba ta mijin ba. Ki je ki tambaye ta. In ta ce a cire, mu cire, mu kuma janye kundin daga gasar, don babu lokacin gyara."

Da la'asar na same ta a bayan gari tana tsinto itace. Na gaya mata komai, har da cewa in tana tsoro zan janye, kuma ba zan riƙe ta a rai ba. Ta daɗe tana ɗaure itacen ba ta dube ni ba.

"Kin gaya masa?"

"A'a, Yaya."

"To bar shi yadda yake. Ni na faɗa, ni zan gaya masa da bakina."

Na ce ina tsoron abin da zai biyo baya. Ta ce in ɗora mata kayan, na ɗora mata, ta tafi.

Na hau motar Damagaram don bikin ba da lambar yabon ban san abin da ya faru a gidansu ba. A zauren bikin, ana ta jawabi ina ta leƙa wayata ko Baba zai kira. Da aka ce ni ce ta biyu sai da ta kusa da ni ta taɓa ni kafin na tashi. Na karɓi takardar yabon, na fita waje na kira gida. Baba ya ce ba a kai ƙara ba, kuma da safe an ga matar a rijiya lafiya lau. Sai a lokacin na zauna a kan matakala na yi kuka.

Har yau ban san abin da ta gaya wa mijinta ba. Ya daɗe ba ya gaisawa da Baba. Bayan na fara aiki a likitar Belbeji, wata ranar kasuwa na hango ta a layin masu awon ciki. Da layi ya zo kanta na auna ta, na tambayi mutanen gida, ta ce suna lafiya, na faɗa mata watan da za ta dawo.